Ta Inda Baba Yake Buɗe Littafi

Bromakoté, Adjamé
Farkon damina

Yaya Rabilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya karatu, ya zafin Damagaram? Mu nan kurmi lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in hadari ya haɗu. Tarin Baba ya yi sauƙi tun da ya bar shan ruwan firji. Gwaggo Hajo za ta taso da goronta cikin makon nan, shi ya sa na zauna rubuta maka. In ka kira a wayar Baba ba na iya cewa komai, ka san yana tsaye a kaina har in miƙa masa abarsa. Kuma kai ka ce in riƙa rubuto maka da Hausa don 'yan ajinku su daina yi maka dariya. To ga ta nan, kada ka ce ta yi tsawo.

Ruwan da aka tafka kwanan baya ya shigo ɗakinmu ta ƙarƙashin ƙofa. Inna ta jawo duk abin da ke ƙarƙashin gado ta baza a tsakar gida. Cikin kayan akwai kwali biyu, naka da nawa. Nawa ka san abin da ke ciki, littattafan soyayyar da Gwaggo Hajo ke ɓoyo min cikin kayanta. Naka kuwa bede-beden nan ne, littattafan labari cikin zane, na 'yan sama jannati da ka yi shekaru kana tarawa wajen masu baza littafi a ƙasa. Ana cikin haka Baba ya dawo daga masallaci.

Nawa ya fara buɗewa. Ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, ya dubi matar da ke bango.

Ya ce, "Auta, wannan me take kallo haka?"

Na ce, "Ba komai, Baba."

Ya ce, "Mutum ba ya kallon ba komai da irin wannan ido."

Shi ke nan shari'ar. Ya sa aka ɗaure kwalin da igiya aka ɗora saman kabad, wai sai na gama jarrabawa, in ma ya tuna.

Allah ya yafe min, Yaya, da ya juya kan naka sai na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai mu biyu za mu yi kwanan saman kabad. Ya ɗauki na sama. Ya buɗe yana tsaye. Can sai na ga ya jawo turmi ya kifa ya zauna. Inna ta kira shi cin abinci har ta gaji. Da safe ya sa littafin cikin jakarsa ya tafi da shi rumfarsa a kasuwar Treichville, kashegari ya dawo da shi ya ɗauki na ƙarƙashinsa.

Jiya da kunnena na ji yana ce wa Inna, "Wannan shi ne littafi. Wanda ya zana shi ya san duniya. Ashe yaron nan ba a banza yake tara takardu ba."

Ka gaya min gaskiya, wannan adalci ne? Baba bai karanta ko layi ɗaya ba a naka ko a nawa, tunda bayan Alƙur'ani da ajami ba abin da yake karantawa. Nawa mutane ne irinmu, masu haƙuri da kunya da biyayya ga iyaye. Naka wasu halittu ne masu wuya kamar raƙumin dawa, da wani mutum da ya kifa tukunyar gilashi a kansa. Amma naka ne ya san duniya. Kana can nesa ma kai ne ɗan gaban goshi, ni da nake ɗebo masa ruwan alwala kullum ni ce mai matattun ɓeraye.

Na shirya maganar da zan faɗa masa. A zuciyata ta fito tsaf, irin wadda yarinya ke faɗa a littafi uban ya yi shiru idonsa ya cika da ƙwalla. Da na tsaya gabansa ya ɗago ya dube ni, sai na ji bakina yana tambayarsa ko in kawo masa shayi.

Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Akwai aceke busasshe, dambun rogon nan, a ƙullin da ke hannun Gwaggo, naka ne, kada ta ce ta manta.

Ƙanwarka,
Safiyatu

Damagaram

Safi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, karatu alhamdulillahi. Aceke ya iso, rabinsa dai, Gwaggo ta ce hanya ce ta ci sauran. Ki gaida Inna, ki ce ta riƙa gasa ƙafar da ruwan zafi.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun don Hausar ta zauna min. Kin fi malaminmu iya jera magana, wannan kam littattafanki sun yi rana.

Maganar Baba ta ba ni mamaki ƙwarai. Mutumin da ya taɓa ce min in na sake shigo masa gida da hoton aljanu zai ba mai aloko ta naɗe soyayyar ayabarta da su, yau shi ne ke kai su kasuwa? Ki ce ikon Allah. Don Allah ki sa min ido a kansu, kada a zuba musu shayi, kada kuma Alhaji Tasi'u maƙwabcin rumfarsa ya ara, abin da ya shiga hannun Alhaji Tasi'u ya shiga ke nan. Labari ɗaya ne daga na farko har na ƙarshe, in ɗaya ya ɓata duk sun lalace.

Kwalinki kuma ki yi haƙuri, saman kabad ba lahira ba ne. Zai sauko.

In Baba yana son sanin abin da mutanen ke faɗa a ciki, a gaya wa Huda ta Kawu Kailu ta riƙa leƙa shi. Ta san labarin, na taɓa ara mata, kuma Faransancinta ba laifi. Na ma faɗa masa haka da muka yi waya.

Ki dage da karatu.

Yayanki,
Rabilu

Bromakoté, Adjamé
Tsakiyar damina

Yaya Rabilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya. Inna ta gasa ƙafa, ta gode.

Ni ma na gode. Faransancin Huda ba laifi. Nawa kuma ashe laifi ne da shi, ni da nake ajin da take, ni da nake kwana gida ɗaya da Baba. Ba ka ma tsaya ka rubuto min ba, sai da ka faɗa masa a waya. To burinka ya cika. Kullum in an tashi daga karatu a lakwal Huda na rumfar Baba. Ya sa mata suna Malama. Har benci ya sa aka kawo mata, ƙarami, kusa da kujerarsa. Ni tun da aka haife ni ban taɓa zama a rumfar nan ba, in na je a tsaye nake in miƙa saƙo in juya.

Ran Asabar Inna ta ba ni abincinsa in kai masa. Na hau bas muka haye gada, duk hanya ina kallon ruwa ina tsara yadda zan shiga, in gaida Huda da murmushi irin na wadda ba ta damu ba. Da na isa layin 'yan atamfa sai na hango taro a ƙofar rumfarmu. Na ɗauka faɗa ake. Ashe Baba ne ke ba da labari. Na maƙale bayan zannuwan da aka rataya, ba wanda ya gan ni.

Mutumin nan mai tukunyar gilashi, Baba ya raɗa masa suna Falke. Ga yadda yake ba da labarin. Wai wani tsohon falke ne, kansa fari fat, yana zaune shi kaɗai kan dutse a wata ƙasa mai rana biyu, yana kallon wani ɗan tauraro shuɗi, garinsu ke nan. Rannan sai ya ce ya isa haka. Ya tashi ya kwance gidan ƙarfen da ya gina, ƙarfe bayan ƙarfe. Ya bi masu dogon wuyan nan ɗaya bayan ɗaya ya sallame su, wanda suka yi faɗa da shi ma suka rabu hannu cikin hannu kamar ranar da suka fara haɗuwa. Ya shiga kumbonsa ya kama hanya.

Alhaji Tasi'u ya ce, "Alhaji Inusa, kai da rabonka da wuce Bouaké tun Rabilu na goye, kai ne za ka ba mu labarin taurari?"

Baba ya ce, "Sha shayinka, Tasi'u. Kai ko taswira aka ba ka, gidan surukanka kawai za ka gane." Aka yi dariya. Ya ɗaga littattafan ɗaya bayan ɗaya ya nuna musu. "Ku dubi kansa. Can baya fari ne, nan ya fara sirkawa, nan kuma baƙi wuluk. Wanda ya zana wannan ya yi zaman baƙunta. Mutum in ya fuskanci gida, furfura ma sakinsa take."

Ya ɗora yatsa kan rubutun da ke fitowa daga bakin mutumin. "Malama, me ya ce nan?"

Huda ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ce, "Tonton, cewa ya yi ya gaji da tuwon mutanen nan, ba gishiri."

Baba ya buga cinya. "Ban gaya muku ba?"

Yaya, daga inda nake ina hango shafin. Ba maganar tuwo a wurin. Sai a lokacin na lura da hannun Baba. Ta dama yake buɗe littafin, yadda yake buɗe Alƙur'ani, yana bin hotunan daga dama zuwa hagu. Lambobin shafi raguwa suke. Kuma da yake kai ka jera su a kwali na farko a ƙasa, shi da na ƙarshe ya fara. Labarin nan gaba ɗaya ta baya Baba yake karanta shi.

Ya ciro na ƙasan kwali daga jakarsa ya nuna musu inda ya ƙare. Kumbo ya sauka, ana ta sauke kaya, Baba ya ce tsaraba ce. Ga wata yarinya a ƙofar gida gindin bishiya ta ɗaga hannu. Tun da na hango ta na ce ni ce, don siririya ce kamar ni, har yadda take sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Ga wadda ta tare shi. Yarinya mai hankali." Ya waiga. "Kamar dai Malama."

Ban san yadda na ajiye kwanon ba. Na tare Huda a matakala da ta fito.

Na ce, "Kin san ta baya yake karantawa?"

Ta ce, "Tun ranar farko."

"Shi ne kike zaune kina shirga masa ƙarya?"

"Ke Safi, laisse ça, rabu da shi. Tsoho yana jin daɗinsa, me ya ci miki?"

Na ce, "Ba tsohonki ba ne."

Ta dube ni sama da ƙasa tana tauna cingam. "To zo ki zauna mana. An rubuta sunana a bencin ne? Ke ce in an ce miki sannu sai ki nemi ramin shiga."

Abin haushin, gaskiya ta faɗa.

Yanzu ga tambayata, kuma ka amsa min ba wasa. Na ɗauki na farko a ɓoye na duba. Yarinyar nan ba tarbarsa take ba, ban kwana take masa, kayan kuma lodawa ake. Ina son in ji daga bakinka, ya dawo ko bai dawo ba? Domin in bai dawo ba, ya kamata Baba ya san wadda ya ɗora a benci, ya kuma san wadda ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Safiyatu

Damagaram

Safi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ina rubuta wannan da sauri don na ji Gwaggo Hajo na shirin tasowa.

Da farko, maganar Huda. Wallahi ba abin da na nufa sai cewa gidansu na bayan kasuwa, ke kuwa sai kin haye gada. Ban auna Faransancin kowa ba. Kin ɗauki layi ɗaya kin gina masa bene.

Da na karanta cewa Baba ta dama yake buɗewa, na yi dariya har abokin ɗakina ya tambaye ni lafiya. Daga baya dariyar ta tsaya. Bai dawo ba, Safi. Yadda kika ga tsohon kan dutse, nan labarin ya ƙare. Ni kaina ban taɓa son ƙarshen ba, na Baba ya fi.

Kada ki gaya masa. Da hutun nan na je Mirya na gaida Gwaggo Bilki, ƙanwar Baba. Ta tsufa fiye da yadda take a hoto. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana ta shafa fuskata wai goshin Inusa ne. Tana 'yar yarinya ya bar gida, ita ta riƙe masa buta har bakin mota. Ta ce kowace shekara yana aiko mata cewa bana zai zo. Akwai tsamiya a ƙofar gidan. Kin san Baba ba zai taɓa zama ya ce yana kewar gida ba, ko a gaban Inna. In ya samu wani Falke yana faɗa a madadinsa, ki bar masa.

In zama kusa da shi kike so, ki je ki zauna. Ba sai kin ture kowa ba.

Rabilu

Bromakoté, Adjamé
Bayan an rufe makaranta

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na ci jarrabawa. Wasiƙarka ta iso jiya. Gwaggo Hajo ta tsaya bikin 'yar ƙawarta a Maraɗi, daga nan zazzaɓi ya kwantar da ita, takardarka na cikin jakarta duk tsawon lokacin nan. Na yi ta jira, da na ji shiru na ɗauka ka bi bayan Huda ne ka ƙi amsa min.

Na riga na gaya masa.

Wata Lahadi ce bayan la'asar, yana zaune a tsakar gida, ina wanke kofuna. Ranar sakamakonmu ya fito, ni da Huda duk mun wuce, ni ma na fi ta maki. Na faɗa masa da safe ya ce madalla. Sai ga shi yana ce wa Inna, "Yarinyar Kailu akwai kai. Allah ya ba Kailu 'ya." Ni da ban taɓa iya haɗa jimla biyu a gabansa ba, ranar bakina ya buɗe kamar famfo. Na ce littafin ta hagu ake buɗe shi. Na ce da na ƙarshe ya fara. Na ce duk abin da Malamarsa ke fassara masa daga kanta take ƙirƙirowa, ba tuwo ba gishiri a ciki, kuma ta sani tun ranar farko.

Inna ta ce, "Safiyatu." Ban tsaya ba sai da na kai aya.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ce, "Ɗauko na ƙasan." Na ɗauko. Ya matsa min a tabarmarsa. "Buɗe ta inda mai shi ya ce a buɗe. Karanta."

Ka ga abin da nake nema tun farkon damina, ga shi na samu. Ni da Baba a tabarma ɗaya, kafaɗata na taɓa hannun rigarsa, ina jin ƙanshin turarensa. Kullum in ya dawo daga kasuwa sai ya ce, "Auta, kawo." Ina karantawa ina juya masa da Hausa, ban ƙara ba ban rage ba. Yarinyar ta ɗaga hannu, kumbo ya tashi. Mutumin ya ce mata shekara ɗaya zai yi. Ya sauka ƙasar mai rana biyu, ya gaisa da masu dogon wuya, daga baya suka yi faɗa. Ya kafa ƙarfe ɗaya, ya ce na wucin gadi ne. Ya kafa na biyu. Kowane littafi sai ya ce in ya gama kaza zai koma. Ina kallon kansa yana yin fari a hannuna, ni nake juya shafin.

Tun a tsakiya na so in tsaya. Na ce, "Baba, ko mu bari haka?" Ya ce, "Wanda ya fara awo shi ke kai wa ƙarshen yadi."

Da muka zo kan dutsen na rufe. Sai Baba ya tambaye ni.

"Can ya mutu?"

"Ba a nuna ba, Baba. Yana dai zaune."

"Yarinyar fa?"

"Ba a sake nuna ta ba tun littafin farko."

Ya ce, "To."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Da kansa ya taka kujera ya sauko da kwalina, ya kwance igiyar, ya ajiye shi kusa da naka. Ya ce, "Ɗauki kayanki, Auta. Duk takarda ce."

Huda kuwa bai yi mata faɗa ba, sai dai ya gaya mata ta huta tunda an yi hutu. An mayar wa mai shayi bencinsa. Inna ta ce Alhaji Tasi'u ya tambaye shi ina Falke, ya ce yana can inda yake. Yanzu in ya dawo sai ya ci abinci ya kunna rediyo. Kwalaye biyu na ƙarƙashin gadona, an yi mana adalci, naka bai fi nawa ba. Na buɗe ɗaya daga cikin nawa, wanda na fi so, na kasa wuce shafin farko.

Da na karanta maganar tsamiya da Gwaggo Bilki sai na shiga bayan gida na buɗe famfo don kada Inna ta ji ni. Ashe yarinyar ba ni ba ce, ba kuma Huda ba ce.

Ka yi min faɗa in kana so.

Safiyatu

Damagaram

Safi,

Lafiya lau nake. Barka da jarrabawa, na yi murna ƙwarai, ko da ba wanda ya faɗa miki da kyau.

Ba zan yi miki faɗa ba, kin riga ni. Na yi fushi kwana biyu, na huce. Baba ya kira ni, bai ambaci littafi ba. Ya tambaye ni kawai ko ɗakin Gwaggo Bilki na yoyo, na ce yana yi, ya ce to, ya kashe.

Ban san yadda ake gyara irin wannan ba. Amma Huda na bin ki bashin ban haƙuri, wannan kam na sani.

Rabilu

Bromakoté, Adjamé
Ƙarshen hutu

Yaya Rabilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Inna lafiya, Baba lafiya, Kawu Kailu ya ce in gaishe ka.

Na je gidansu Huda. Na tarar tana kitso, ta bar ni a tsaye har aka gama layi guda. Na ba ta haƙuri ina kallon ƙasa. Ta ce, "Da bangon kike magana ko da ni?" Na sake faɗa ina kallonta. Ta ce ta ji, amma in sani ita ba don benci take zuwa ba, don babanta ba ya ba da labari ne, in ya dawo lissafi kawai yake. Ban taɓa tunanin Huda ma tana da abin da take kallo a gidan wasu ba.

Na gaya mata abin da nake son yi, na ce ba zan iya shiga ni kaɗai ba. Ta ce, "Ke da kika iya tsaya wa Tonton a tsakar gida?" Amma ta ɗaura ɗankwali ta biyo ni.

Mun tarar yana auna wa wata mata atamfa. Muka gaishe shi ya amsa bai ɗago ba. Huda ta je ta karɓo bencin wurin mai shayi ta zauna abinta. Ni na tsaya jikin dilar kaya, na ciro na ƙarshen daga jakata, na kifa shi, na buɗe ta dama. Alhaji Tasi'u ya leƙo.

Na ce, "Akwai wani tsohon falke a wata ƙasa mai rana biyu."

Almakashin Baba ya tsaya. "Ba ke kika ce ba haka yake ba?"

Na ce, "Mai littafin ta can ya shiga, Baba. Mu ta nan muka saba shiga."

Ya ci gaba da yanka. Ni ma na ci gaba, muryata kamar ta sauro. Da na ga ba wanda ya hana ni sai na saki jiki, abin da na iya ya fara fitowa. Na ce Falke ya dubi tauraron nan zuciyarsa ta narke kamar man shanu a rana, hawaye masu zafi suka wanke masa kumatu, ya dafa ƙirji ya ce ya ke ƙasata, ya ke hasken idona.

Baba ya ajiye almakashi. "Wane irin hawaye? Falke ne zai zauna yana kuka a gaban baƙi, su raina shi? Wannan aikin littattafanki ne."

Alhaji Tasi'u ya ce, "Bar ta, Alhaji, ni dai ya fara ratsa ni."

"Kai komai ma ratsa ka yake. Ba ni nan, Auta."

Ya karɓi littafin. Ya riƙe shi a rufe, ya dube shi ta wannan bango, ya juya ya dube shi ta wancan. Sai ya gyara zama ya buɗe ta dama.

"Ba kuka ya yi ba. Tashi ya yi ya kakkaɓe rigarsa." Ya ɗora yatsa kan rubutun, ya ɗan yi jim, don yanzu ya san abin da ke wurin, ni na karanta masa. "Me ya ce nan?"

Ni da Huda muka buɗe baki tare. Ta bar min.

Na ce, "Ya ce bana kam da gaske ne."

Baba bai dube ni ba. Ya juya shafi. Ya ce, "Malama, matsa wa 'yar'uwarki, ta tsaya min a ka kamar mai bin bashi."

Ta matsa, na zauna. Har aka kira magariba muna nan, matar atamfar ma ba ta tafi ba sai da Falke ya kwance rabin gidansa.

Amma ka ji, Yaya, har yanzu ita ce Malama, ni Auta. Kuma na auna da ido, wurin da ta bar min a bencin bai kai nata ba, rabin cinyata a iska yake. Ran Asabar dai bas ɗin farko zan hau, in ga wanda zai matsa wa wani.

Ƙanwarka,
Safiyatu